Li di Fores: Mutumin da Ya Ƙara wa Ƙaramar Murya Ƙarfi

 Karatunmu na yau tarihin wani Bature ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya rasu tun shekarar 1961. Ba sarki ba ne, ba kuma mayaƙi ba. Maƙeri ne, amma ba irin mai ƙera hauya da gatari ba. Sunanshi Lee de Forest, ana faɗinshi Li di Fores. Mu dai nan za mu riƙa ce mishi Li, don sauƙin karatu.

Za ka ce, to me ya haɗa mu da shi? Saurara ka ji. Da asuba ladan guda ke kiran salla cikin Madarunfa, amma masunta da ke bakin tabki suna jin shi sarai. Mai ba da labarai shina zaune Yamai, kai kana bisa tabarmarka, muryarshi na iske ka. Ɗanka na Legas ko Agadas, ya kira ka da salula, ka ji shi kamar shina bayan darni. Muryar ɗan Adam ba ta da wanga ƙarfi. Akwai abin da ke ɗaukar ta tana ƙarama, ya ƙara mata ƙarfi. Masu gyaran radiyo na kiran abin amfili. Amfili na farko mai aiki sosai daga wata ƴar kwalba ya fito, mai kama da ƙwan lantarki. Li ne ya ƙago ta. Abin mamaki, shi da kanshi bai gane yadda take aiki ba, kuma wanga rashin ganewa ya bi shi har ƙarshen rayuwarshi.

Yaro mai tsince-tsince

An haifi Li ranar 26 ga watan Agusta 1873, a garin Council Bluffs, cikin jihar Ayowa. Ubanshi fasto ne, wato malamin addinin Kirista. A 1879, Li na da shekara 6, aka ba uban shugabancin wata makaranta a garin Talladega, jihar Alabama, can kudancin Amurka. Makarantar ta baƙar fata ce. A 1865 ne aka hana bauta a ƙasar. Kafin nan, a jihohin kudu da yawa, doka ta hana a koya wa bawa karatu. Da aka ƴanta su sai manya da yara suka tashi neman karatu, kamar yadda kai ma ka taso yanzu da girmanka. Wasu daga cikin ƴantattun bayin ne suka kafa makarantar a 1867, da taimakon wata ƙungiyar mishan.

Turawan garin ba su so wanga aiki ba. Suka juya wa gidan su Li baya. Saboda haka abokan wasanshi na ƙuruciya ɗiyan baƙar fata ne.

Ka san yaranmu masu yin mota da karan dawa da gwangwanin madara. To, haka Li yake. Ya taɓa harhaɗa akwatuna da ganguna da gwangwanaye, ya yi kan jirgin ƙasa a bayan gida. In ya samu takardun da ke nuna zanen sababbin na'urori, sai ya duƙufa kansu shina kwaikwayon zanen.

Uban so yake ɗan ya gaje shi, ya zama fasto. Li kuwa ƙira yake so. Sai ya zauna ya rubuta wa ubanshi wasiƙa, ya jera dalilanshi ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Daga baya uban ya yarda. Ka ga wani amfanin iya rubutu ke nan. Maganar da ke da nauyin faɗi, takarda na ɗaukar ta.

A 1893 ya shiga jami'ar Yel. Ba shi da kuɗi sosai, da ɗan taimakon da wani danginsu ya bar wa jami'ar tun da daɗewa ya yi karatu. Nan ma bai bar taɓe-taɓe ba. Wata rana garin gwaji ya kashe wutar gini guda, malamai suka fusata da shi, suka dakatar da shi na wani lokaci. Ubanshi ya rasu a 1896, shina tsakiyar karatu. Ya daure har ya samu digirin dokta a 1899.

Tangaraho maras waya

Zamanin nan babu radiyo mai magana. Abin da ake yayi shi ne tangaraho maras waya, wanda wani ɗan Italiya mai suna Markoni ya yi suna da shi. Ana aika saƙo cikin iska, amma ba murya ba, ƴar ƙara ce gajera da doguwa, kowane baƙi da tashi ƙarar. Mai karɓar saƙo na sa abin saurare a kunnuwa, wanda ake kira kask, ya kasa kunne, ya rubuta. Matsalar ita ce, in saƙon ya zo daga nesa, ya gaji kafin ya iso. Ƙarar ta yi ƙasa ƙwarai, sai mai kunnen ƙwarai ke tsinto ta. Babu kuma wanda ya san dabarar ƙara mata ƙarfi.

Li ya nemi aiki wurin Markoni, bai samu ba. Ya tafi birnin Shikago ya kama aiki a kamfanin Western Electric, da albashi kaɗan. Da rana aikin kamfani, da dare gwaje-gwaje a ɗakin da yake haya.

Wani dare a 1900 ya lura da wani abu. In ya kunna na'urarshi mai tartsatsi, sai hasken fitilar gas ta ɗakin ya canza. Murna ta kama shi, ya ɗauka igiyoyin radiyo ne ke taɓa wutar. Da aka sa na'urar cikin wani ɗan ɗaki aka rufe ƙofa, sai hasken ya tsaya cik. Ashe ƙarar tartsatsin ce kawai ke kaɗa wutar. Gwaji ya nuna mishi ya yi kuskure, amma zuciyarshi ba ta saki ba. Ya ci gaba da yarda cewa iska mai zafi na jin igiyoyin radiyo. Riƙe wannan, za mu komo kanshi.

Faɗuwa ta farko

A 1902 ya haɗu da wani ɗan kasuwa mai suna Abraham White, suka kafa kamfanin tangaraho da sunan Li. Suna ya fita. A babban baje kolin birnin Sen Luwis na 1904 aka ba shi lambar zinariya. Sojan ruwan Amurka suka ba su kwangila.

Amma gidan an gina shi bisa toka. Shi White abin da ya dame shi sayar wa mutane da hannun jari, da alkawuran da suka wuce gaskiya. Li shina gani, bai hana ba, don shi ma shina jin daɗin kuɗi da suna. Kuma wata na'urar karɓar saƙo da kamfanin ke aiki da ita, kotu ta ce kwaikwayo ce ta wani masani mai suna Fessenden. A 1906 aka kori Li daga kamfanin da ke ɗauke da sunanshi. An sallame shi da dalar Amurka 1000, lauyoyi suka ɗauki rabi. Ka lura, dalar Amurka ba dalarmu ba ce ta tamma biyar, kuɗi ne mai nauyi. Ban da kuɗin, an bar mishi takardun mallaka na wata ƴar kwalba da yake gwadawa, don an ɗauka ba ta da amfani.

Mece ce takardar mallaka? Takarda ce da hukuma ke ba wanda ya ƙago sabon abu, don kada wani ya kwaikwaya ya sayar ba da izininshi ba, har wasu shekaru.

Ƴar waya cikin kwalba

Kwalbar ba daga kan Li ta fara ba. Tomas Edison, wanda ya yi suna da ƙwan lantarki, ya lura tun wajejen 1880 cewa in aka sa wani ƙarfe cikin ƙwan, kuran na tsallakawa daga zaren da ya yi zafi zuwa ƙarfen, ba tare da sun taɓa juna ba. A 1904 wani malami ɗan Ingila, Ambros Fleming, ya yi kwalba mai abu biyu ciki, zare da faranti. Tana tsinto saƙon radiyo, amma ba ta ƙara mishi ƙarfi.

Ƙarshen shekarar 1906, a birnin Niyok, Li ya sa wani mai yin ƙwan fitilar mota, sunanshi McCandless, ya yi mishi kwalba mai abu uku. Abu na ukun ƴar waya ce da aka lanƙwasa kamar tafiyar maciji, aka sa ta tsakanin zare da faranti. Mu ce mata raga. Li ya sa wa kwalbar suna Audion. Ya nemi takardar mallaka cikin Janairu 1907, aka ba shi cikin Fabrairu 1908.

Ga yadda abin yake. Zaren nan, in kuran ya bi shi, sai ya yi ja, ya yi zafi, ya dinga watso wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki da ido ba ya gani, sunansu elektaron. Farantin kuma an haɗa shi da batir mai ƙarfi, shina jawo ƙwayoyin zuwa gare shi. Duk ƙwayar da za ta je faranti, sai ta ratsa ta cikin raga.

Ka taɓa zuwa Jiratawa lokacin ban ruwa? Ruwa na gudu cikin kanal da ƙarfi. Amma ƙofar da ke sakin shi cikin gona, ko yaro na iya ɗaga ta ko ya sauke ta. Ba yaron ya kawo ruwan ba, ba kuma ƙarfinshi ke tura shi ba. Ƙofa kawai yake riƙe da ita. To, ragar nan ita ce ƙofar. Ƙaramar murya da ta iso a gajiye, ana kai ta ga raga. In ta motsa kaɗan, ƙwayoyi masu yawa su wuce. In ta komo kaɗan, su ragu. Sai babban kuran na batir ya dinga bin sawun ƙaramar muryar, hawa da sauka. Abin da ya fito ta faranti muryar nan ce dai, amma ta yi ƙarfi. Ƙarfin daga batir ya zo.

Wanga bayani da ka karanta yanzu, Li bai san shi ba a lokacin. Shi a wurinshi, ƴar iskar da ta rage cikin kwalba ita ke yin aikin, kamar yadda ya zata tun daren fitilar gas. Alhali iskar nan ita ce cikas. Shi ya sa kwalabenshi ba su da tabbas. Wannan ta yi aiki, waccan ta ƙi. In aka ƙara musu kuran sai su yi shuɗin haske ciki, murya ta lalace. Shekara biyar kwalbar na nan, ba a cin rabin amfaninta.

Murya cikin iska

Akwai inda Li ya riga mutane hangen nesa. Lokacin da kowa ke tunanin tangaraho tsakanin mutum biyu, shi shina tunanin a watsa magana da waƙa, kowa ya ji daga gidanshi. A 1908 ya je Faransa da matarshi Nora, suka watsa waƙoƙin faifai daga hasumiyar Eiffel ta birnin Pari. Ita Nora injiniya ce, tana cikin matan Amurka na farko da suka samu wanga ilimi, kuma ta taya shi aiki. Amma shi so yake ta bar aiki ta zauna gida. Auren bai daɗe ba ya mutu. Ranar 13 ga Janairu 1910 ya watsa muryar shahararren mawaƙi Karuso daga babban gidan waƙa na Niyok. Ƴan tsirarun mutane suka saurara da kask a kunne, muryar ma ba ta fita sosai ba. Duk da haka hanya ta buɗe.

Kamfaninshi na biyu shi ma ya faɗi. A 1911 ya koma jihar Kalifoniya, garin Palo Alto, ya zama ma'aikacin wani kamfanin tangaraho. Nan ne a 1912, shi da mataimaka biyu, Logwood da Van Etten, suka gwada wata dabara. Suka jera kwalabe, abin da ya fito daga ta farko ya shiga ta biyu, na biyun ya shiga ta uku. Kowace ta ƙara nata ƙarfi. Suka aje agogon aljihu gaban bakin tarho, suka saurara. Bugun agogon da da ƙyar ake ji ya fito da ƙarfi. Amfilin kwalba ya samu ke nan.

Wani lokaci na'urar kan yi musu kuka. Ka san kukan da lasifikar masallaci ke yi in an kusanto da makirfo gare ta. Irinshi ne. Suka rubuta abin cikin littafin aikinsu, da kwanan wata. Wanga rubutu zai yi rana.

Ciniki da kotu

Cikin Oktoba 1912 Li ya kai amfilin ga babban kamfanin tarho na Amurka, AT&T. Su kuwa suna da babbar bukata, don murya na mutuwa cikin waya in tafiya ta yi nisa. Wani masaninsu, Harold Arnold, ya duba kwalbar, nan da nan ya gane cutar. Iskar ciki ce. A zuƙe ta sarai, kwalba ta warke. Wani masani kuma, Irving Langmuir, na kamfanin General Electric, shi ma ya gano haka.

Li na cikin matsin kuɗi, ga shari'a na jiranshi. A 1913 wani lauya ya zo ya taya hakkin yin aiki da kwalbar cikin tarho, dalar Amurka 50,000, bai faɗi wanda ya aiko shi ba. Li ya sa hannu. Daga baya ya gane kamfanin tarhon ne ya saya, kuma har ya mutu shina ganin an yi mishi wayo, don abin ya fi haka daraja nesa ba kusa ba.

Ƙarshen 1913 aka gurfanar da shi gaban kotu tare da abokan kasuwancinshi, bisa zargin yaudarar masu sayen hannun jari. Lauyan gwamnati ya raina kwalbar gaban jama'a, ya nuna cewa ƙwan fitila ne kawai maras amfani da ake cutar mutane da shi. Aka ɗaure wasu daga cikin abokan, shi Li aka sallame shi. Shekara ɗaya bayan nan, ranar 25 ga Janairu 1915, aka buɗe layin tarho daga Niyok zuwa San Faransisko, wajen kilomita 5500. Ya fi ninki takwas na tafiyar Maraɗi zuwa Yamai. Kwalbar nan da aka raina, bayan an gyara ta, ita ke tallabar murya a kan hanya.

Daga baya kamfanin ya sake sayen sauran hakkin, dala 90,000 a 1914, dala 250,000 a 1917. Li ya yi arziki. Ya buɗe ƴar tashar radiyo a Niyok. Daren zaɓen shugaban ƙasa na 1916 ya ba da sakamako ta iska, ya yi gaggawa ya ce Hughes ya ci, ya rufe tasha. Da aka gama ƙidaya, ashe Wilson ne ya ci.

Saurayin da ya fi shi ganewa

Akwai wani ɗalibi mai suna Edwin Armstrong, wanda Li ya girme shi da shekara 17. Tun shina yaro yake haɗa na'urorin radiyo a ɗakin saman gidansu, don sha'awa. Ya samu Audion, bai tsaya ga jin ƙara ba. Ya dinga aunawa, shina rubutawa, har ya gane abin da ke gudana ciki. A 1912 ya gano cewa in aka maido kaɗan daga abin da ya fito aka sake shigar da shi, ƙarfin na ninkuwa sau da yawa. Saƙon da sai an manna kask a kunne ake ji, yanzu ko an aje kask bisa tebur ana jin shi. Bayan haka ya rubuta bayanin yadda kwalbar ke aiki, masana suka gamsu.

Da ace Li ya gode mishi, da sun haɗa kai. Amma sai ya yi musu, ya ce shi ya riga gano dabarar. Hujjarshi ita ce kukan nan da aka rubuta cikin littafi a 1912. Shari'a ta ja kusan shekara 20, ta ci kuɗi mai yawa. Gaban kotu, in aka nemi Li ya bayyana yadda kwalbarshi ke aiki, sai ya yi ta inda-inda. Duk da haka, a 1934 kotun ƙoli ta Amurka ta ba shi gaskiya. Rubutu mai kwanan wata ya yi mishi rana. Amma injiniyoyi ba su yarda da hukuncin ba. Armstrong ya je zai maida wa ƙungiyarsu lambar girma da suka taɓa ba shi, suka ƙi karɓa, suka tabbatar mishi tashi ce. Li ya ci shari'a, amma ya rasa girman abokan sana'a da yawa.

Tsufa

Li bai zauna ba. Ya shiga neman dabarar sa wa silima murya, don finafinan lokacin bebaye ne. A 1923 ya nuna nashi a Niyok. Manyan kamfanonin fim ba su karɓa ba, ya kuma ɓata da abokin aikinshi Theodore Case, kamfanin ya faɗi. Ba a jima ba wasu suka fito da fim mai magana, suka kwashe ribar.

Ya yi aure sau huɗu. Na ƙarshen ne, da Marie Mosquini a 1930, ya ɗore har mutuwa. Ya samu takardun mallaka fiye da 300. A 1950 ya rubuta tarihin kanshi, ya kira kanshi uban radiyo, sunan da mutane da yawa suka ce ya yi mishi yawa, don radiyo ba aikin mutum guda ba ne. A 1960 masu shirya fim suka ba shi lambar girma ta Oska. Ya rasu a Holiwud ranar 30 ga Yuni 1961, shina da shekara 87. Abin da aka iske cikin asusunshi na banki dala 1250 ne.

Ina kwalbar take yau?

Shekara wajen 40 kwalba na mulki. Radiyo, tarho, silima, talabijin, duk da ita suka tashi. Wata babbar kwamfuta ta farko-farko, ENIAC, da aka nuna a 1946, tana da kwalabe wajen 18,000. Amma kwalba na da zafi, tana shan kuran, tana fashewa, kuma in ka kunna radiyo sai ka jira ta ɗumama kafin ta yi magana. A 1947 aka ƙago tiransisto, ɗan ƙaramin abu mai yin aikin nan na ƙofar ruwa ba tare da zare mai zafi ba. Shi ya kawo radiyo mai pil, wadda manomi ke ratayawa ya tafi gona. An buɗe gidan radiyon Nijar a 1958, aka kafa ƙungiyoyin sauraren radiyo a 1962, daidai lokacin da irin wagga radiyo ke bazuwa.

Duk da haka kwalba ba ta mutu ba. Har yanzu ana ƙera ta a Sulobakiya da Rasha da Sin. Makaɗa jita na son ta. Akwai kuma masu sha'awa a ƙasashe da yawa da ke zama gida su haɗa wa kansu ɗan amfili na kwalba don sauraren waƙa da kask. Ba don ya fi arha ba, tiransisto ya fi shi arha. Suna yi ne don kwalba na ɗan canza sauti ta yadda kunnensu ke jin daɗi, kuma kayan manya ne, ba su da yawa, mutum na ganin kowane da ido ya san aikinshi. Kask ba ya bukatar ƙarfi mai yawa, kwalba ɗaya ko biyu sun isa.

Wadda aka fi farawa da ita sunanta 12AU7, a Turai ana ce mata ECC82. Tana da ƙafa 9, kuma irin kwalbar Li guda biyu ne cikin gilashi ɗaya, ɗaya don kunnen dama, ɗaya don na hagu. Ana bukatar mazauninta, da rezistans, da kondansater, da taransifoma, da ƙarfen liƙi da dalma, da ma'aunin kuran. Amma kafin duk waɗanga, ana bukatar zane, da mutumin da ya iya karanta shi. Kowane abu da lambarshi, kowace ƙafa da inda za ta.

Ga gargaɗi. Zaren kwalba kuran kaɗan yake so, bolt 6,3 ko 12,6. Amma faranti, a yawancin zane, shina son bolt 150 zuwa 300, wani lokaci ya fi 220 na bango. Wannan na kisa. Kondansater kuma na riƙe kuran ko bayan an cire waya daga bango. Wanda bai ƙware ba kada ya sa hannu sai gaban gwani. Akwai zane mai sauƙi na bolt 12, irin na batirin sola, inda tiransisto ke taya kwalbar tura kask. Da shi ya kamata mai koyo ya fara. Kuma kada a cika ƙara a kunne, don jin da ƙara ta kashe ba ya komowa.

Abin da za mu riƙe

Mai karatu, Li ya yi abin a yaba. Ya faɗi sau da yawa, bai bar gwaji ba, har ya sa ƴar waya guda inda babu wanda ya taɓa sa ta. Amma hannu ya kai shi inda ganewarshi ba ta kai ba. Da aka zo da gyara ya ƙi karɓa, ya bi abokan kasuwanci marasa amana, ya sa hannu a takarda bai san wa ke bayanta ba. Wasu suka gane kwalbar, wasu kuma suka ci ribarta.

Mu ma muna da masu hannu. Ka je kasuwar Maraɗi ko ta Ɗan Isa, za ka iske samari na buɗe radiyo da salula suna gyarawa, wasunsu ba su taɓa shiga lakwal ba. Suna taɓa nan su taɓa can har abu ya tashi. In ka tambayi dalili, sai shiru. Irin waɗanga, ran da suka iya karanta zane da lamba, suka iya rubuta abin da suka gwada da kwanan wata, aikinsu zai wuce na yau. In kana da irin wanga yaro gida, kada ka watsar mishi da tarkacenshi. Ka ba shi wuri, ka kuma jawo shi aji, ku zauna tare.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Li, a wace ya rasu? Shekara nawa ke nan?
2. Faɗi abubuwa uku da ke cikin kwalbar Li.
3. Me ya haɗa ragar kwalba da ƙofar ruwa ta kanal?
4. Wane kuskure Li ya riƙe tun daren fitilar gas?
5. Nemi wurare biyu cikin labarin inda rubutu ya amfani Li.
6. Rubuta layi uku a kan wani mai gyara da ka sani a garinku, ba sai ka faɗi sunanshi ba.